Ciyawa a Cikin Ciyawa

Ranar da Baba ya faɗi a tsakar gidana ina kan keken ɗinki, ina haɗa hannun wata riga. Na ji tim, na fito a guje da zare a baki, na same shi kwance a kan siminti, girarsa ta fashe, jini yana gangarawa cikin kunnensa. Taku uku kawai ya yi daga kujerarsa. Wata biyu ina roƙonsa ya gwada tashi, ranar da ya yarda ya gwada kuma simintin gidana ya fasa masa fuska.

A asibiti aka yi masa ɗinki huɗu. Kafin a gama sai ga Yaya ya iso yana kaɗa makullin mota. Yayana injiniya ne, kuma tun da aka ba shi takardar digirin nan ya ɗauka duniya gaba ɗaya gini ce, shi aka turo ya duba inda ta tsage. Ko sannu bai ce wa Baba ba. Ni ya tsare da ido.

"Auta, na faɗa miki ko ban faɗa miki ba? Gidanki bai dace da mara lafiya ba. Ko'ina siminti."

"Naka fa, Yaya? Bene, hawa na huɗu?"

"Nawa akwai mai jinya, akwai gado mai ƙarfe a gefe. A wurina bai taɓa faɗuwa ba."

"Ina zai faɗi, mutumin da ba ya tashi?"

Sai ya sha min toka, don ya san inda na dosa. Lokacin da ɓarin jikin Baba na hagu ya shanye, daga asibiti gidan Yaya aka wuce da shi. Ɗaki tsaf, ba ƙura ko ɗaya, taga tana kallon bangon maƙwabta. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana noman lambu, wanda rana ba ta taɓa fitowa ta same shi a ɗaki ba, shi aka ajiye a nan. Cikin sati uku ya daina magana, ya daina cin abinci, ya juya fuska bango. Da faɗa na ɗauko shi, faɗan da ya sa har yau matar Yaya ba ta amsa gaisuwata da kyau.

"Ƙarshen wata zan zo," in ji Yaya. "In na tarar da simintin nan yadda yake, ko na ji ya sake faɗuwa, a motata zai koma. Ba shawara nake ba ki ba."

Wallahi da ba a asibiti muke ba, da na faɗa masa abin da zai kwana yana tunawa. Na haɗiye, na ce Allah ya kai mu.

Likitar da ke koya wa Baba motsa jiki ita ta ba ni dabarar. Ta ce tsoron faɗuwa ya fi ciwon hana shi tafiya. In zai samu wuri mai ciyawa ya riƙa takawa ba takalmi, ko ya faɗi ba zai ji ciwo sosai ba. Na tafi wurin wani mai sayar da shuke-shuke a bakin titi. Ya ce in iri zan shuka sai na jira wata uku, amma akwai ciyawar da aka riga aka noma, ake yanko ta da ƙasarta, a naɗe ta kamar darduma, a zo a shimfiɗa. Sai dai ma'aikatansa ba su da sarari sai bayan sati biyar.

"Maigida ba zai iya ba?" ya tambaye ni.

"Maigida direban babbar mota ne, yana hanya. Ka koya min, ni zan yi."

Ya kalli hannuna, ya kalli takalmina, ya yi wata 'yar dariya ta raini. Wannan dariyar ce ta ƙarasa min shawara. Na ce ya faɗa min komai daki-daki, na rubuta a bayan takardar awon wata riga.

Simintin kaɗai na kira leburori suka fasa suka kwashe. Sauran duk ni ce. Na tsince tsakuwa da hannu har farcena biyu suka karye. Aka juye min baƙar ƙasa da taki a ƙofar gida, a kan hanya, maƙwabta suna ta ƙorafi, na shigo da ita baro bayan baro. Na baza da shebur, na daidaita da manjagara, na ɗaura igiya daga bango zuwa bango don in ga inda ya yi tudu da inda ya yi rami. Na cika durom da ruwa, na kwantar da shi, na riƙa gangara shi a kai don ƙasar ta zauna. Masu ɗinki suna ta kira, ina riga, ina zani, ina ce musu gobe. Bayana ya riƙe, gwiwoyina suka yi baƙi. Duk baron da na tura, da Yaya nake faɗa a zuciyata, kuma kullum ni ke cin nasara.

Baba yana zaune a baranda a kujerarsa yana kallo. Ranar da na gama baza baƙar ƙasar, sai na ji muryarsa, da ɗan nauyin harshen nan da ciwon ya bar masa.

"Miƙo min."

Na ɗebo masa a tafin hannu. Ya murza ta da yatsun dama, ya kai hanci ya sunsuna. Tun da ya kwanta ban ga idonsa ya yi haske irin na ranar ba.

"Ƙasa ce mai kyau," ya ce. "Me za ki shuka?"

"Za ka gani, Baba."

Ban faɗa masa ba, kuma da gangan. Baba ba ya son a nuna masa shi mara lafiya ne. Sandar da likita ta ba shi ma, ranar farko ya tura ta ƙarƙashin gado, wai ba ya riƙe sandar tsofaffi. A ƙarƙashin gadon nan kuma tsohuwar fartanyarsa take, mai doguwar ƙota, wadda ya hana a bar masa a gona. Na ce a raina, bari ciyawar ta kama, ƙafarsa za ta kai shi da kanta.

Da safe mota ta kawo ciyawar, naɗi-naɗi, an jera su kamar tabarmi a kasuwa. Mai ciyawa ya ja min kunne: a shimfiɗa a ranar, in ta kwana a naɗe za ta yi zafi a ciki ta ruɓe. A fara daga jikin bango a miƙe. Layi na biyu a fara da rabi, yadda magina ke jera bulo, kada bakin wannan ya zo daidai da bakin wancan. A matse baki da baki, kada a bar rata, kada kuma wani ya hau kan wani. Ba a takawa, sai a ɗora katako a durƙusa a kai. Wannan ɓangaren ban ji tsoronsa ba, haɗa baki da baki shi ne sana'ata. Na durƙusa a kan katako tun hantsi har rana ta yi sanyi, ina warwarewa, ina matsewa, ina yanke gefe da tsohuwar wuƙar kicin. Da na miƙe, ƙafafuna ba su san ni ba. Amma tsakar gidana ta zama kore shar daga baranda har ƙofa.

Na juya ina jiran yabo. Baba ya daɗe yana kallo.

"Ciyawa?" ya ce.

"Ciyawa, Baba."

"Saya kika yi?"

"Saya na yi."

Ya girgiza kai a hankali, ya ce in mai da shi ɗaki. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na rufe ƙofarsa da ƙarfi fiye da yadda ya kamata.

Daga nan sai ban ruwa, safe da yamma, da tiyo. Mai ciyawa ya ce sati uku ba mai takawa sai saiwa ta kama ƙasa. Na kewaye wurin da igiya, na bar siririyar hanya a jikin bango. Na kori kyanwar maƙwabta har sau nawa. Wata mai karɓar ɗinki ta ɗora ƙafa ɗaya a kai, na yi mata ihun da ba ta sake dawowa ba. Kowace safiya ina ɗaga kusurwa ɗaya in leƙa, har na fara ganin 'yan saiwoyi farare kamar zare suna shiga ƙasa. Baba kuwa kullum yana baranda yana kallona ina shayar da ciyawa, fuskarsa kamar wanda aka zagi gidansu.

Kwana goma sha biyu da shimfiɗawa, ranar Asabar ɗin da Yaya ya ce zai zo, na fito na ga wata irin ciyawa daban ta ɓullo ta wuraren haɗin. Dogaye, masu kauri, sun tsaya tsaye sama da sauran kamar an aiko su su kunyata ni. Da takin suka zo, na sani. Ga maganin Baba ya ƙare dole in fita. Na tsaya da jaka a kafaɗa ina tsaki.

"Mene ne?" in ji Baba daga baranda.

"Ciyawar nan ce, Baba, ta ishe ni wallahi. In na dawo sai na cire ta gaba ɗaya kafin Yaya ya zo ya samu abin faɗa."

Haka na ce, ban ƙara ba, ban rage ba. Na ajiye masa ruwa kusa, na ce kada ya motsa, yanzu zan dawo.

Yanzun nan ta zama awa uku. Layi a kantin magani, ga wanda ke gabana yana gardama da mai kanti, ga cunkoso a hanya. Na dawo na tura ƙofa, sai jakar ta faɗi daga hannuna.

Kusan rabin ciyawata babu. Baƙar ƙasa tsirara daga bakin baranda har tsakiyar gida. A jikin bango an jera yankakkun ciyawar, an kife su, saiwa sama, yadda manomi ke yi don rana ta kashe su. A tsakiyar ɓarnar Baba ne, rigarsa ta jiƙe da gumi, ya soka bakin fartanya a ƙarƙashin wani yanki yana ɗagowa da hannu ɗaya.

Ban taɓa ɗaga wa mahaifina murya ba tun da aka haife ni. Ranar na ɗaga.

"Baba! Me ka yi min? Me ka yi min, don Allah?"

Ya juyo yana haki, har da ɗan murmushi a ɓarin bakin da ke aiki.

"Ciyawar banza ce," ya ce. "Ko saiwar kirki ba ta da ita. An cuce ki."

"Wa ya ce ka taɓa ta? Wa ya sa ka?"

"Ke kika ce ta ishe ki. Kika ce za ki cire ta."

"Ba ita ba! Ciyawar da ta fito a cikin ciyawar nake nufi!"

Ya kalle ni kamar na zautu.

"Ciyawa ai ciyawa ce, Auta."

Sai idona ya rufe. Na nuna masa tafin hannuna da ya yi kanta, na nuna masa farcen da suka karye, na lissafa masa baro nawa na tura, masu ɗinki nawa suka gudu. Na ce sati huɗu ina kashe kaina, shi kuma cikin awa uku ya mai da ni baya, kuma yanzun nan ɗansa zai shigo ya ga wannan ya ɗauke shi ya kai shi ɗakin nan mai kallon bango, kuma ni ba zan ce uffan ba, don na gaji. Ina faɗa ina kuka, kukan haushi, wanda ya fi kowane kuka ciwo.

"Don kai na yi ta!" na ce. "Don in ka faɗi ka faɗi a kan laushi, kada ka sake fasa kai!"

Murmushin ya tafi. Ya dafa ƙotar fartanya da kyau, ya miƙe iya yadda bayansa zai bari.

"Shimfiɗar faɗuwa kika yi min?"

Na share hawaye da bayan hannu.

"Ƙasa mai kyau haka, da taki, da ruwa safe da yamma, don in samu wurin faɗuwa?" Kalmomin suna fita da ƙyar, amma babu wadda ta ɓace. "Wancan ya sa min gado mai ƙarfe. Ke kin shimfiɗa min ciyawa. Duk kun gama shirya yadda zan faɗi. Ba wanda ya tambaye ni ko akwai abin da zan iya. Kwana goma sha biyu ina zaune ina kallon ciyawa a gidan 'yata, ni, da raina."

Ina neman abin da zan mayar masa, don har lokacin zuciyata ba ta sauka ba, sai muka ji tsayuwar mota. Yaya ya shigo da makullinsa. Ya kalli ƙasar, ya kalli tarin da ke jikin bango, ya kalli fartanya, ya kalle ni da hawaye sharkaf. Na ga bakinsa yana shirin abin da ya zo da shi tun daga gida.

"Wannan shi ne gyaran? Kin bar mara lafiya shi kaɗai da fartanya? Auta, kina da hankali kuwa? Haɗa masa kayansa."

"Haɗa da kanka," na ce. "Ɗakin a buɗe yake."

Ya nufi baranda a fusace. A bakin matakala ya tsaya, kusa da kujerar Baba da ba kowa a kai. Ya dafa bayanta. Ya juyo ya kalli inda Baba yake. Na san kallon nan nasa, kallon awo ne.

"Wa ya kai shi can?"

"Ba kowa. Ba na nan."

Sai a lokacin abin ya shiga kaina. Ina ta ihu a kan ciyawa ban lura ba. Daga kujera zuwa ɗaki ya ɗauko fartanya, daga ɗaki zuwa baranda, ya sauka matakala biyu, ya shigo har tsakiyar gida. Mutumin da taku uku suka kai shi asibiti. Kuma tun shigowata a tsaye yake, a kan ƙafafunsa, babu takalmi, ƙasa ta shiga tsakanin yatsunsa.

Yaya ya taka daga kujerar zuwa wurin Baba, yana ƙirgawa da leɓe. Goma sha ɗaya. Ya tsaya a gabansa, ya rasa inda zai sa makullin. Amma Yaya Yaya ne, ba zai taɓa cewa ya yi kuskure ba ko za a yanka shi.

"Duk da haka akwai haɗari," ya ce. "Baba, taso mu tafi. Can za a fi kula da kai."

Baba ya nuna masa ragowar ciyawar da haɓa.

"Ba na barin aiki a rabi."

"Baba..."

"Matsa, kana tsaye a kan inda zan sara."

Yaya ya matsa. Ya tsaya yana kallon mahaifinsa ya soka fartanya, ya ja, ya huta, ya sake ja. Can ya juyo gare ni, ba tare da ya haɗa ido da ni ba.

"Ranar da ya gama, ki kira ni. Zan zo in ɗauke shi."

Ya fita. Ko ƙofar bai ja ba.

Baba ya sari yanki biyu, ƙarfinsa ya ƙare, na kama shi muka koma baranda. Na ba shi magani, ya kwanta barcin rana. Na fito na tsaya ina kallon rabin da ya rage. A yadda yake sara, kwana biyu zai gama. Na kalli tarin da ya kife a jikin bango. Na yi tsaki, na ɗauko katakona, na durƙusa. Na juyo da su ɗaya bayan ɗaya, na mai da su inda suka fito, baki da baki, na ba su ruwa.

Yau wata biyu ke nan. Kullum da safe Baba ya fito da fartanyarsa ya cire, da rana yana barci in mayar. Rabin ciyawar ya mutu ya koma kalar buhu, sau biyu ina komawa wurin mai ciyawa, yana tambayata wai cinye ta nake yi. Gwiwoyina ba su ƙara yin fari ba. Kuma kada wani ya ce min haushin ya wuce, bai wuce ba. Duk yankin da na ɗaga sai na tuna yadda take kore shar ranar farko, in ji kamar in yi jifa da shi ta kan katanga. A kusurwar bango dai na bar masa wuri, ya shuka tumatir. Yaya yana kira duk Asabar.

"Ya gama?"

"Saura kaɗan."

"To," ya ce, ya kashe.

Jiya da rana ina durƙushe a kan katako ina matse wani baki, gumi yana shiga min ido, ina ƙunƙuni ni kaɗai, sai na ga inuwa ta faɗo a kan hannuna. Na ɗaga kai. Baba ne a tsaye a kaina, ba fartanya, ba sanda, ya zo tun daga ɗaki ban ji takunsa ba. Ga yankin ciyawa a hannuna.

Ya daɗe yana duba aikin. Sai ya miƙa babban yatsan ƙafarsa ta hagu, wadda likitoci suka ce da wuya ta sake jin magana, ya taɓa wani haɗi.

"Nan kin bar rata," ya ce. "Ki matse da kyau. Na jiya ko wuya bai ba ni ba."